Na'ura ta ƙi ɗaukar yatsun mahaifina: matsalar daga yatsa take ko daga na'ura?

Tambaya: "Assalamu alaikum Injiniya. Mahaifina manomi ne, shekarunsa sun haura 70. Mun kai shi cibiyar rajista don a yi masa lambar NIN, aka yi ta ɗora yatsunsa a kan na'ura tana ƙin ɗauka, daga ƙarshe aka ce mu tafi sai wani jiƙon. Ni na yi tawa tuntuni, amma takarda kawai aka ba ni, ban taɓa riƙe katin roba ba. A majalisarmu kuma wasu na cewa ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare da ke jikin katin, da shi gwamnati ke bin sawun mutum duk inda ya shiga. Don Allah a fahimtar da ni."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, kai kuma ya saka maka da alheri kan wannan ɗawainiya. Tambayoyi uku ka haɗa wuri guda: me ya hana na'ura karanta yatsun Baba, ko takardar da ke hannunka ta wadatar ba tare da kati ba, sannan mene ne aikin ɗan ƙarfen da ke jikin kati. Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin ita ce ta tsare ku yanzu, kuma ita ce na fi cin karo da ita a shekarun da na yi ina girka na'urorin ɗaukar zanen yatsa da horar da masu aiki da su.

Abin da na'ura ke nema a jikin yatsa

Ka dubi kan yatsanka a cikin haske sosai. Za ka ga layuka a jere kamar kunyoyin gona, tudu da kwari, tudu da kwari. Tun mutum yana cikin mahaifiyarsa ake fitar da wannan zane, kafin ciki ya kai wata shida, kuma tsarinsa ba ya sauyawa har mutuwa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, kowa da nasa. An daɗe da sanin haka: tun 1897 aka buɗe ofishin tantance zanen yatsa a Kalkata ta ƙasar Indiya, inda Azizul Haque da Hem Chandra Bose suka yi aikin tsara hanyar rarraba zanen tare da Edward Henry. Abin da kwamfuta ta ƙara kawai shi ne sauri.

Yawancin na'urorin da ake rajista da su gilashi ne da fitila a ƙarƙashinsa. Idan ka ɗora yatsa, tudun zanen ne ke taɓa gilashin, kwarin ba ya taɓawa. Inda fata ta manne da gilashi haske yana watsewa, inda ba ta taɓa ba yana komawa ga kyamarar da ke ciki, sai hoton ya fito baƙi da fari. Wannan mannewar tana buƙatar ɗan damshi da maiƙon fata. Busasshen yatsa ba ya kama gilashi, sai layukan su fito a tsittsinke. Jiƙaƙƙen yatsa kuma ruwa ne ke cike kwarin, hoton ya dagule ya zama baƙi ƙirin. Haka ma wanda ya danna da ƙarfi, ya baje tudun har ya shafe kwarin. A wurin rajista ana ɗaukar yatsu goma: huɗu na dama a tare, huɗu na hagu, sannan manyan yatsu biyu.

Daga hoton ne manhaja ke tsamo abin da take so. Ba duka zanen take haddacewa ba. Wurare iri biyu take farauta: inda layi ya zo ya ƙare, da inda layi ɗaya ya rabu biyu. Kowane ta samu sai ta rubuta matsayinsa da inda ya fuskanta. Lafiyayyen yatsa yakan ba da irin waɗannan alamomi da dama, gommai, kuma jerinsu gaba ɗaya ɗan ƙaramin bayani ne da bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Da wannan jerin ake gwada mutum.

To, me ya sa ake tsanantawa a ranar rajista, alhali wayarka tana buɗewa da ɗan taɓi? Domin aikin ba ɗaya ba ne. Wayarka tambaya ɗaya take yi: wannan yatsan na maigidana ne ko a'a? A rajistar ƙasa kuwa, sai an gwada yatsun sabon mutum da na duk wanda ya riga shi shiga rumbun, don a tabbatar bai taɓa karɓar lamba da wani suna ba. Masu lambar NIN sun haura miliyan 100 tun 2023. Idan aka bar zane mai rauni ya shiga irin wannan taro, ko dai ya yi kama da na wani bawan Allah a riƙe rajistar ana bincike, ko kuma gobe mai shi ya zo banki a ce ba shi ba ne. Shi ya sa manhajar ke auna ingancin kowane yatsa, ta ƙi wanda bai kai ma'auni ba. Kuma duk wanda ke saita ma'aunin yana tsaka mai wuya: ya sassauta, ɗan damfara ya wuce, ya tsananta, a kori mai gaskiya. Babu saitin da ke kawar da kurakuran biyu a lokaci guda.

Yatsun Baba

Hannun da ya shekara hamsin yana riƙe da ƙotar fartanya ya yi kanta, tudun zanen ya goge. Ba manoma kaɗai ba: birkila da ke cuɗanya da siminti, mai wanki da guga da hannunsa ke kwana cikin omo, majema, marina, matan da ke surfe da wanke-wanke, duk haka nake ganin yatsunsu. Ga kuma tsufa, wanda ke sa fata ta yi siriri ta saki, tudun ya kwanta, wasu tsagogi na tamoji su ratsa zanen ta yadda manhaja za ta ɗauka layuka ne suka ƙare a wurin. Idan aka haɗa da hunturu, abin ya taru ya yi yawa. A watannin sanyi layin rajista ya fi tafiyar hawainiya, kuma bushewar fata ce babban dalili.

Labari mai daɗi shi ne asalin zanen yana can ƙarƙashin fatar sama. Muddin rauni bai nutsa ya kai can ba, fatar sama tana sabunta kanta cikin kimanin wata guda, zanen ya sake tasowa yadda yake. Abin da aiki ya goge yana dawowa idan hannu ya huta. Abin da tsufa ya kwantar ne ba ya dawowa duka.

Saboda haka ga abin da zan ba ku shawara. A nemi lokacin da Baba ya sarara daga aikin gona, a ba hannun hutun mako biyu zuwa uku. Kowane dare a shafa masa man kaɗanya ko basilin a kan yatsun. Amma ranar zuwa kada a shafa komai, domin maiƙo mai yawa yana cike kwarin ya kuma ɓata gilashin. Ya wanke hannu da ruwa, ya tsane sosai. In an zo ɗorawa aka ga yatsan ya bushe, ya goga shi a goshinsa ko gefen hancinsa, ɗan maiƙon wurin daidai yake da abin da gilashi ke so. Huci daga baki ma yana taimakawa. Ya shimfiɗa yatsun a kwance, ba da tsini ba, kuma kada ya danna kamar mai dangwala tawada a takardar zaɓe. Tsofaffi da yawa idan na'ura ta ƙi sau ɗaya sai su ƙara ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Ni kan ɗora hannuna a bayan nasu in ce, "Baba, saki jikinka, ni zan danna," sai ka ga layukan sun fito tar a allon kwamfuta. Kuma don Allah kada a kankare kantar da reza ko dutsen goge kaushi. Na ga waɗanda suka yi haka suka zo da yatsu sumul, babu ko layi ɗaya.

Wani lokaci kuma yatsan ba shi da laifi. Gilashin da mutum ɗari suka taɓa tun safe ba a goge ba yana ɗauke da inuwar yatsunsu. Wani gilashin ya karce, wata na'urar ta tsufa, wani ma'aikacin kuma layi ya yi masa yawa ba shi da haƙurin gwadawa sau uku. Ku yi sammako, ku roƙi a goge gilashin, in ta ƙi ku gwada wata cibiyar mai wata irin na'ura. Ga mata kuma akwai batun lalle: ƙunshi mai kauri a kan yatsu yana dagula wa wasu na'urori karatu, har hukumar JAMB ta gargaɗi masu rajistar jarrabawa a kansa. In Inna ma za ta je, ta bari ya kwaranye tukuna.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci a wurina. Ko an yi duk dabarun nan, akwai mutanen da na'ura ba za ta taɓa karanta yatsunsu ba. Akwai wanda ya rasa hannu a haɗari, akwai wanda kuturta ta cinye wa yatsu, akwai tsohon da zanensa ya kwanta gaba ɗaya. Duk manhajar rajista ta ƙwarai tana da gurbin da ake rubuta cewa yatsa kaza babu shi, ko yana da rauni, ko bai karantu ba, a ɗauki waɗanda suka samu tare da hoton fuska, babban jami'i ya sa hannu. Ba alfarma ba ce, cikin tsarin aikin take. Idan kun koma aka sake cewa "sai wani lokaci", ka nemi ganin shugaban cibiyar cikin ladabi, ka tambaye shi hanyar da suke bi da waɗanda yatsunsu ba sa karantuwa. In ƙaramar cibiya ce ta 'yan kwangila, ku tafi babban ofishin jiha na NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN. Zama ɗan ƙasa ba a fatar yatsa yake ba, kuma ina auna nagartar kowane shirin katin shaida ne da yadda yake yi da wanda na'ura ta ƙi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: kada ka yarda wani ya ce zai "taimaka" ya ɗora nasa yatsan ko naka a madadin na Baba don aiki ya wuce. A wani aikin rajista da na duba, wani ma'aikaci ya riƙa cike gurbin yatsun tsofaffi da nasa, da niyyar tausayi. Da bayanan suka isa rumbu sai kwamfuta ta ga yatsa ɗaya a jikin mutane da yawa, ta riƙe rajistarsu duka, tsofaffin da aka so a sauƙaƙa wa suka fi kowa shan wahalar warwarewa.

Wannan matsala ba ta talaka kaɗai ba ce. Ranar 28 ga Maris 2015, a rumfar zaɓensa ta Otuoke, na'urar tantance katin zaɓe ta kasa tantance Shugaba Goodluck Jonathan, duniya tana kallo. Irin wannan na cikin dalilan da suka sa INEC ta koma na'urar BVAS, wadda aka yi zaɓen gwamnan Anambra na 2021 da babban zaɓen 2023 da ita: in yatsa ya ƙi, sai a gwada fuska. Indiya kuwa tun farkon shirinta na lambar shaida mai suna Aadhaar ta haɗa da hoton ƙwayar idanu biyu a kan yatsu goma, saboda ta san yawan leburori da manoman da take da su. Duk da haka an samu rahotannin talakawan da aka hana rabon hatsi saboda yatsa ya ƙi a wurin karɓa.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, tunda ban ga hannun Baba ba. Idan fatar tana saɓulewa, ko tana tsagewa har da jini, ko yana jin yatsun sun mutu ba ya jin taɓi, wannan ya wuce batun na'ura, a fara kai shi asibiti.

Takarda ko kati

Lambar ita ce shaidar, ba robar ba. NIN lamba ce mai alƙaluma 11 da ke ɗaure da bayananka a rumbun hukumar NIMC, wadda dokar 2007 ta kafa. Banki ko kamfanin waya ko ofishin fasfo, lambar suke shigarwa su ga hotonka da sunanka. Takardar da ke hannunka ta wadatar ga wannan.

Yadda aka zo nan yana da tarihi. A 2003, zamanin Obasanjo, an yi rajistar katin ɗan ƙasa da kamfanin Sagem na Faransa, aikin da zargin cin hanci ya dabaibaye. A watan Agustan 2014 Jonathan ya ƙaddamar da sabon kati mai ƙwaƙwalwa tare da MasterCard, wanda aka tsara zai zama shaida kuma katin cirar kuɗi, da shirin fara raba miliyan 13. Mutane da yawa sun yi ƙorafin ganin tambarin kamfanin waje a kan shaidar ƙasa, amma abin da ya fi kayar da shirin shi ne tsada: buga irin wannan kati da kai shi hannun mai shi yana cin kuɗi ninkin ba ninkin a kan fitar da lamba. Sai gwamnati ta karkata ga lambar, kamar yadda Indiya ta yi, inda mutum sama da biliyan ɗaya ke da lamba mai alƙaluma 12 ba tare da kati mai ƙwaƙwalwa ba. A 2024 an sake sanar da shirin wani katin tare da Babban Banki a kan AfriGo, tsarin katin biyan kuɗi na cikin gida.

Ni dai ban yarda kati ba shi da amfani ba. Tantancewa da lamba tana buƙatar sabis, kuma kai ka san ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun layi. A nan ne kati mai ƙwaƙwalwa ya yi zarra. Ɗan ƙarfen da kake gani ƙofa ce kawai; a ƙarƙashinsa akwai 'yar mitsitsiyar kwamfuta, wadda ake kira cip, irin ta layin waya da ta katin ATM. Tana ɗauke da suna, ranar haihuwa, hoto da jerin alamomin yatsa, kuma hukumar da ta ba da katin ta rufe bayanan da hatimin lissafi wanda ita kaɗai ke iya bugawa. In wani ya sauya ko harafi ɗaya, hatimin ba zai yi daidai ba, na'ura ta gane nan take. Wasu katunan ma a cikinsu ake gwada yatsan: na'ura ta miƙa wa kati abin da ta karanta, kati ya amsa da e ko a'a, zanen da ke ajiye bai fita waje ba. Malesiya ta fara irin wannan kati mai suna MyKad tun 2001. Sai dai shi ma ba ma'asumi ba ne. A 2017 an gano rauni a cip ɗin katunan Estoniya, ƙasar da ake buga misali da ita a wannan fanni, sai da ta dakatar da hatimin katuna sama da 700,000 aka sabunta su.

Batun bin sawu

Cip ɗin ba shi da batir, ba shi da GPS, ba ya magana da tauraron ɗan'adam. Mai ƙarfen zinare sai an zura shi cikin na'ura yake samun wuta. Wanda ake karawa ba tare da zurawa ba, irin na katin zaɓe da fasfo, daga na'urar yake jan wuta, kuma sai ya matso kusa da ita da 'yan santimita. Katin da ke aljihunka a gona a mace yake. Ka faɗa wa 'yan majalisarku haka da ƙarfin gwiwa.

Amma kada ka ce musu tsoronsu shirme ne, domin sun hango wani abu, wurin ne kawai suka kuskure. Abin da ke nuna inda mutum yake ita ce wayarsa, wadda kullum take gaisawa da turakun sabis. Tun Disambar 2020, lokacin minista Isa Ali Pantami, aka wajabta haɗa layin waya da NIN, kuma asusun banki ma an ɗaure shi da BVN, wato lambar tantancewa ta banki, da NIN. Ke nan lamba ɗaya ta zama igiyar da ta haɗa layinka, kuɗinka da fasfonka. Wannan yana da amfani wajen kama mai damfara da ma'aikatan bogi, kuma yana da haɗari idan rumbun ya faɗa hannun da bai dace ba. A 2015 an sace zanen yatsun mutum miliyan 5.6 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka. Lambar sirri in ta fita sai ka sauya, yatsu kuwa goma ne gare ka har abada. A nan gida, a 2024 an bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan kuɗi ƙalilan. Birtaniya ma saboda tsada da irin wannan fargaba ta soke shirin katin shaidarta a 2010, ta lalata rumbun. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023 tare da hukumar da ke kula da ita, kuma a ganina a nan ya kamata mu matsa lamba: wa ke da izinin buɗe bayanan mutum, ana rubuta duk wanda ya buɗe, kuma wa aka taɓa hukuntawa.

A naka ɓangaren, kada ka bar kwafin takardar NIN a shagon buga takardu, kada ka tura hotonta ga wanda ba ka sani ba. Ka fi sa ido a kan Baba: masu yawo ƙauye da 'yar na'ura suna cewa rajistar tallafi suke yi, a ba su lamba a dangwala yatsa a karɓi ɗan kuɗi, da yawansu asusun banki ko layin waya suke buɗewa da sunan mutum su yi ɓarna da shi. Rajistar NIN ta farko kyauta ce. In takardarka ta ɓata, danna *346# daga layin da ka yi rajista da shi zai nuna maka lambarka.

Ranar da za ku koma, kafin ma'aikaci ya tura bayanan, ka tsaya ka karanta allon da idonka: rubutun sunan Baba, jerin sunayen, da ranar haihuwa. In yana da BVN, a tabbatar komai ya zo daidai da abin da ke banki, Muhammadu ko Muhammad, Abdu ko Abdullahi, domin saɓanin harafi ɗaya yana iya rufe asusu, kuma gyara daga baya kuɗi ne da zirga-zirga. Tsofaffin da ba su da takardar haihuwa, ku zauna a gida ku tsayar da shekara ɗaya tun kafin ku fito, ku riƙe ta a duk inda za a tambaya.